Takwarar Ummi

Ofishin kula da sababbin ɗalibai ne ya haɗa Bilqis da Dakta Na'ima, kuma har bugun ƙirji ma'aikatan ofishin suka yi da wannan haɗi. A jami'ar akwai wani shiri da aka ƙirƙiro domin baƙaƙen fata 'yan shekarar farko, waɗanda aka ɗebo daga ƙasashen Afirka da tallafin karatu. Kowane ɗalibi a ba shi malami guda da zai riƙe masa hannu. Su zauna sau ɗaya a mako, a duba inda karatu ke yi masa tsauri, a tura shi ajin ƙarin bayani na ranar Asabar. Dalilin shirin ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda makinsa ya faɗi a ƙarshen shekara, tallafinsa ya yanke. Da yake kuma jami'a ce kafil ɗinsa, wato ita ta tsaya masa ya zauna a ƙasar, izinin zamansa a Doha ma ya tafi tare da tallafin. Daga nan sai haɗa akwati.

Bilqis 'yar unguwar Nima ce a Accra. Uwarta Rukayatu wake da shinkafa take sayarwa a bakin titi, kuma a duk zuriyarsu ba wanda ya taɓa leƙa ƙofar jami'a sai ita. Ilimin harhaɗa magunguna ta zo karantawa. Kanta na ja, wannan ba musu, amma kemistirin da ta tarar a nan ba irin wanda ta baro ba ne. Tun makon farko ta gane cewa shi ne zai ci ta idan ba ta samu mai taimako ba.

Shugaban shirin, Ustaz Abdulbaqi, wani dattijo mutumin Sudan mai furfura a gemu, shi ya yi mata albishir.

"Kin yi sa'a, 'yata. Mun samo miki mai jin yarenku, kuma kemistirin take koyarwa."

Ranar da ta fara shiga ofishin Dakta Na'ima, sanyin na'ura ya sa har haƙoranta na haɗuwa. Ta tarar da wata Bakanuwa mai fara'a da tsohon ciki, ta ɗora kumburarrun ƙafafu a kan kwali. Bilqis ta rusuna ta gaishe ta da Hausa. Matar ta dafe ƙirji, idonta ya kawo ruwa. Ta ce rabon da wani ya gaishe ta haka a cikin wannan gini har ta manta. Ta yi ta dariyar Hausar Zongo irin ta mutanen Accra, tana sa Bilqis ta maimaita magana don ta ƙara ji.

"Dakta kuma? Anti za ki ce mini. Kuma wannan ofis ba wurin zama ba ne, kamar firji. Gida za ki riƙa zuwa, unguwar Al-Sadd, kusa da tashar jirgin ƙasa. Ranar Asabar."

"Anti, ranar Asabar ne ajin ƙarin bayani."

"Me za su koya miki a can wanda ban sani ba? Yara ne fa da ni na koyar da su. Ki zo da littafinki kawai."

Wa zai ƙi? Yarinyar da ta yi makonni tana tura shinkafar kantin makaranta ba gishiri ba yaji, ga tuwo da miyar kuka ana kiranta. Asabar ta farko ta je da ƙaton littafinta na kemistiri ta ajiye a teburin cin abinci. Aka ci, aka sha, aka yi hira. Anti ta ce bayanta na ciwo, a bari sai wani mako. Da za a shimfiɗa abincin mijinta, Injiniya Sagiru, wanda ke aiki can wajen gari ba ya dawowa sai yamma, aka ɗauke littafin aka ɗora a kan firji.

Kada a ɗauka Dakta Na'ima muguwa ce. Da muguwa ce da abin ya zo da sauƙi, domin mugu ana iya kai ƙararsa. Son Bilqis take yi tsakani da Allah. Ta ba ta abaya, ta ba ta turare, in ta ga ta rame sai ta hau faɗa. Abin da ya faru shi ne, ita ba ɗaliba ta gani ba. Ƙanwa ta gani, wadda Allah ya jefo mata a ƙasar da ba ta da kowa, kuma ƙanwa a gidan yaya ai ba zama take yi ta naɗe hannu ba. Tun Bilqis na wanke kwanon da ta ci, har ta koma wanke na gidan duka. Daga nan shara, daga nan guga, daga nan sauka kanti sayo tumatir.

Da haihuwa ta zo, bizar mahaifiyar Anti ba ta fito ba. Bilqis ce ta dafa ruwan wankan jego a manyan tukwane tana juyewa a baho, ita da ba ta taɓa ganin yadda Kanawa ke yi ba sai da aka kwatanta mata ta waya. Ita ta dama kunun kanwa, ita ta wanke tsummokara. Daga aji sai jirgi, daga jirgi sai Al-Sadd. Wani lokacin ma ba ta jiran a tashi daga ajin.

Ranar suna maza suka tafi wata gona a Umm Salal yanka rago. Mata suka cika falo, matan 'yan Najeriya da ke Doha, kowa da ƙamshinta. Bilqis na ɗakin girki tana juya waina, gumi na tsiyaya, sai ta ji an rangaɗa guɗa. Wata Hajiya Aishatu, mai kaurin murya, ta leƙo ta kamo hannunta ta jawo ta tsakiyar falo.

"Yarinya, hidimarki ba ta faɗi ƙasa ba. Yanzu aka bugo daga wurin yanka. Sunan jaririya Bilkisu. An yi miki takwara."

Mata suka ɗauki shewa. Bilqis ta tsaya da cokalin waina a hannu, ta dubi Anti. Anti ta yi murmushi, ta sunkuyar da kai, sannan ta miƙo mata jaririyar a cikin farin zane.

"Karɓi takwararki."

Bilqis ta fashe da kuka a gaban mutane, ba kunya. Ita wace ce? 'Yar mai wake da shinkafa, a ce mai digirin digirgir ta sa wa 'yar cikinta sunanta. Da yamma ta bugo wa uwarta. Rukayatu ta ce, "Wannan mata ta gama miki komai a duniya. Ki ji ni da kyau. Duk abin da zai ɓata mata rai, kada ya fito daga wurinki."

Abu ɗaya ne kawai. Tun daga ranar ba wanda ya kira jaririyar Bilkisu a gidan. Ummi ake ce mata. Da Bilqis ta tambaya, Anti ta yi dariya ta ce, "In muka ce Bilkisu ai ku biyu za ku amsa." Bilqis ba yarinya ba ce, ta san irin sunan da ake sakayawa a gida da dalilin sakaya shi. Amma ba ta tona ba. Mai kwaɗayin dangi a baƙuwar ƙasa, in aka miƙo masa amsa mai daɗi, haɗiyewa yake yi.

Sakamakon zangon farko ya fito, kemistiri ya kayar da ita warwas. Ofis ya ja mata kunne cewa in aka maimaita haka a zango na biyu, shi ke nan. Ta samu Anti tana shayarwa, ta faɗa mata.

"Haba, kwantar da hankalinki. Zangon farko kowa haka yake yi. Bari in koma aiki in samu kaina, za mu zauna mu bi littafin nan daga bango zuwa bango."

Anti ta koma aiki. Sai ga sabuwar matsala, wa zai riƙe Ummi da rana? An kawo mai raino, ba ta yi mako biyu ba Anti ta sallame ta, wai ba ta iya goyo ba. "Ba zan ba bare 'yata ba alhali ga mai sunanta," in ji ta. Ranakun da Anti ke koyarwa da rana kuwa su ne ranakun da ajin su Bilqis ke shiga ɗakin gwaje-gwaje. Anti ta san haka sarai, a sashe ɗaya suke. Ta ce za ta yi wa malamin magana, abokin aikinta ne. Ko ta yi ko ba ta yi ba, Allah masani.

Sau ɗaya Bilqis ta yi ta maza. Ta rubuta cewa yau ba za ta samu zuwa ba, akwai gwaji. Ba a ba ta amsa da faɗa ba. Saƙon murya aka turo. Ta kara a kunne a bakin ƙofar ɗakin gwajin, sanye da farar riga, ta ji Ummi na tsala kuka kamar za ta shiɗe, sannan muryar Anti a gajiye: "Takwararki ta ƙi kowa. Amma ba komai, yi karatunki." Bilqis ta cire farar rigar ta cusa a jaka ta nufi tashar jirgi. Abin takaicin, da ta ɗauki yarinyar shiru ta yi nan take, ta cusa fuska a wuyanta. Son yarinyar nan take yi kamar ranta.

Akwai wani ɗan ajinsu, Dramani, ɗan Kumasi, shi ma a cikin shirin yake. Malamar da aka ba shi ko ruwa ba ta taɓa ba shi ba, ba ta san sunan garinsu ba, in ya makara ta rufe ƙofa. Da farko Bilqis har tausayinsa take ji. Yanzu shi ke ba ta aron abin da ya rubuta a aji. Wata rana suna shan karak, shayin madara mai kauri, a bakin ɗakin karatu ya dube ta ya ce, "Ke karatu aka kawo ki ko raino? Ki je ki gaya wa Ustaz a canza miki malama."

"Ba za ka gane ba. Sunana fa ta sa wa 'yarta."

"To sunan ne zai zauna miki jarrabawa?"

Ta yi fushi da shi, ta daina yi masa magana har aka shiga jarrabawar. Ta yi karatu bakin rai bakin fama, da Ummi goye a baya tana zagaya falo. Amma abin da aka gina a ɗakin gwaji wata da watanni ba a haɗiye shi a 'yan kwanaki. Ta sake faɗuwa.

Kafin kwamiti ya zauna a kan maganarta, Ustaz Abdulbaqi ya kira ta ofis. Ya rufe ƙofa da kansa.

"Saurara, 'yata. Akwai ƙa'ida guda da ta rage miki. Idan ɗalibi ya faɗi saboda malamin da muka ba shi bai yi aikinsa ba, laifinmu ne, ba nasa ba. Sai mu ƙara masa zango guda da sabon malami, tallafinsa na nan. Amma sai ɗalibin ya faɗa da bakinsa a gaban kwamiti. Ba zan ɓoye miki ba, maganar za ta shiga tarihin aikin malamin. Kuma abin da kika faɗa ranar, shi ke nan, ba a sake zama." Ya dube ta ta saman tabarau. "Ni ban taɓa ganinki a ajin Asabar ba. Ina da ido."

Ana gobe zaman kwamiti ta je Al-Sadd kamar kullum. Ta yi niyyar ta buɗe baki ta ce, Anti, ki je da kanki ki faɗa musu gaskiya. Ta shirya maganar tun a jirgi. Anti ce ta riga ta. Tana ɗaura mata Ummi a baya, tana gyara bakin zanen, ta ce a hankali, ba tare da sun haɗa ido ba, "Gobe ne ko? Allah ya ba da sa'a. Kin dai san bana ake sabunta kwantiragina. In suka samu abin kamawa, mu ma sai Kano." Ta shafa kan yarinyar. "Ummi, ki yi wa takwararki addu'a."

Ashe ta sani. Ta san ƙa'idar, ta san abin da za a tambaya, ta kuma san wa ta ɗaura wa goyo. Bilqis ta shiga jijjiga yarinyar.

Kwamitin mutum uku ne a dogon tebur, Ustaz a tsakiya. Bayan 'yan tambayoyi ya zo kan wadda ake jira.

"Dakta Na'ima tana zama da ke kowane mako?"

"Kowace Asabar ina wurinta. Ba a taɓa fashi ba."

"Karatu kuke yi?"

Bilqis ta dubi hannuwanta. Ta tuna uwarta a bakin tukunya tun asuba, hayaƙi na cin idonta. Ta tuna zango guda, guda ɗaya tak, da malamin da zai rufe mata ƙofa in ta makara. Ta san za ta ci. Sannan ta ji ɗumin Ummi a bayanta kamar tana goye da ita a wurin. Ta yaya mutum zai tsaya gaban baƙi ya tozarta matar da ta ɗauki sunansa ta sa wa 'yarta? Da wane ido za ta dubi yarinyar in ta girma?

"Ta yi iyakar ƙoƙarinta," in ji Bilqis. "Kaina ne bai ɗauka ba."

Ustaz Abdulbaqi ya cire tabarau ya murza idanu. Ya sake tambayarta, ta sake ba shi amsar. Ya ce, "Khalas," wato an gama, ya rufe maganar.

Ranar Juma'a da la'asar, ana jibi za ta tashi, ta je sallama. Ta saya wa Ummi 'yan kunne ƙanana, domin ba a rabuwa da takwara hannu biyu. Anti ta rungume ta a bakin ƙofa tana hawaye, hawayen gaske, tana cewa ƙaddara ce, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ta shige ɗakin girki haɗa mata tsaraba, dabino da turare da atamfa ta kai wa Mama.

Injiniya Sagiru na zaune a falo da Ummi a cinya, yana hira da ƙannensa na Kano ta wayar bidiyo. Mutum ne mai sauƙin kai, ba ruwansa, bai cika sanin abin da ke gudana a gidansa ba. Ya ɗaga yarinyar ya kusanto da ita ga wayar.

"Ku dubi goshin nan don Allah. Hajiya sak. Ai tun kafin a yi aure na faɗa wa Na'ima, in Allah ya ba ni mace, sunan mahaifiyata za ta ci. Ba ta da wani suna sai shi."

Ya kashe wayar, ya juyo ya ga Bilqis tsaye da ƙaramar leda a hannu. Ya faɗaɗa fara'a.

"Malama Bilkisu, ashe tafiya ta kama. Wallahi ban ji daɗi ba. Kin san lokacin da aka ce mini sunanki ke nan, na ce ikon Allah, mai sunan marigayiya ce ta shigo gidan. Shi ya sa ban taɓa iya aikenki ba."

Bilqis ta juya a hankali. Anti na tsaye a ƙofar ɗakin girki da ledar dabino, ta ji komai. Suka dubi juna. Da a ce ta ga kunya a fuskar, ko kaɗan ce, wataƙila da ta samu abin riƙewa. Abin da ta gani gajiya ce kawai, irin ta wanda aka tayar wa tsohuwar magana.

"To ai duk ɗaya ne," in ji Anti. "Suna dai naki ne, ko ba haka ba? Mutane suka faɗa, na ga kin ji daɗi, sai in ƙaryata su a gaban taro?"

"Haka ne, Anti."

Ta wuce ta gefenta ta shiga ɗakin girkin, ta miƙa hannu saman firji ta sauko da littafinta. Maiƙon girki ya kama bangonsa, har da zanen gindin tukunya a kai. Ta sa gefen mayafi tana gogewa.

"Da kin bar shi ma," in ji Anti daga bayanta. "Zai yi miki nauyi a jirgi. Ustaz ya ce wadda za a ba ni a sabuwar shekara ita ma harhaɗa magunguna za ta karanta. 'Yar Zinder ce, wai."

Bilqis ta rungume littafin a ƙirji. Ta fito falo ta ajiye ledar 'yan kunnen a kan tebur. Ummi ta gan ta, ta miƙo hannu biyu tana zillo daga cinyar ubanta. Bilqis ta so ta wuce, wallahi ta so, amma ƙafarta ta ƙi. Ta sunkuya ta sumbaci goshin da aka ce na Hajiya ne. Sannan ta fita ba ta karɓi tsarabar ba. Tana jiran na'urar sauka tana jiyo kukan yarinyar ta bayan ƙofa, da muryar uban yana lallashi, Ummi, Ummi, yi shiru.

A waje zafi ya mare ta kamar an buɗe murhu. Ba ta kai tashar jirgi ba wayarta ta yi ƙara. Uwarta ce. Tun ranar da ta ji labarin faɗuwar kullum sai ta kira, tana ƙoƙarin ɓoye karayar muryarta.

"Kin yi sallama da mutanen arziki?"

"Na yi, Mma."

"To madalla. Kada ki sa wa ranki damuwa, kin ji. Na gaya wa mutanen unguwa, ko ba ki zo da digiri ba, ba a banza kika je ba. Kin bar sunanki a gidan mutunci, yarinya za ta tashi da shi har tsufanta. Wannan ba kowa Allah ke ba shi ba."

Bilqis ta tsaya a gefen titi, motoci na wucewa, littafin na manne da rigarta saboda maiƙo.

"Haka ne, Mma," ta ce. "Ki zo da ƙanena Moro tarbata, akwatin da nauyi."